Ƙorafi kan shaidun dabbobi 236 da aka sa na goge da hannuna

Daga: A'i Na Allah, mai sharar biron (ofishin) Shirin Burtali, Korgom.

Zuwa ga: Mai girma Daraktan Shirin Burtali na sasanta manoma da makiyaya, babban biro, Tasawa.

Lahadi, 4 ga Agusta, 2024.

Game da: cire tsohon shirin zane daga ordinatir (kwamfuta) mai lamba 17, da rahoton da ya ɗora mini laifi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa. Saura kaɗan in fasa rubuta wannan takarda. Sau uku ina farawa ina yagewa, domin karatuna bai wuce aji uku na lakwal, wato makarantar boko, ba, kuma ban taɓa tsayawa gaban babba na yi magana ba. Na rubuta da Hausa don ita na iya. Idan da kuskure a yi mini haƙuri.

Shara aka ɗauke ni yi. A shekarar 2022 Madam Ramlatu, sakatariyarmu ta lokacin, ta ga ina zane a bayan tsofaffin takardu, ta koya mini yin zane a ordinatir. Ban iya karanta abin da ke gilashin ba, sai na manna 'yar takarda a gefensa, na ɗiga alamar kowane wurin dannawa. Da yardar shugaban biro, Malam Sha'aibu, na bi makiyaya na zana shaidar dabbobin kowane gida, lalas da yankan kunne, don in dabba ta ɓata aka kai ta furiyar ta meri, wato garken hukumar gari inda ake tsare dabbobin da aka kama, a san mai ita kafin a yi gwanjonta. Gida 236 na zana cikin shekara biyu. Wasu ba su yarda sun nuna mini ba sai da mahaifina ya raka ni.

Ga ƙorafina:

1. An ce tun watan Yuni aka aika sanarwa cewa za a cire tsohon shirin zane daga ordinatir 41 na birorin Tasawa, Korgom, Mayahi, Cake da Gidan Amumune. Da Faransanci aka aika ta, ga masu adireshi a na'ura. Ni ba ni da shi. Duk wanda ya karanta ta a bironmu ya san abin da nake yi a kan lamba 17 kowace rana bayan shara, kuma ba wanda ya gaya mini.

2. Ranar Talata, 9 ga Yuli, wajen ƙarfe takwas na safe, Musyu Rayyanu, mai kula da na'urorin shirin, ya kira wayar biro daga Tasawa. Ni kaɗai ce a ciki. Ya ce aikin ya tafi ko'ina sai tamu ce ta tsaya tana tambaya, in je in danna. Na ga rubutu layi uku da wurin dannawa biyu. Na roƙe shi ya gaya mini abin da rubutun ke cewa. Ya ce ba lakwal ya kira ni ba, in danna na hagu. Na ce zanena yana ciki, in jira Malam Sha'aibu. Ya yi dariya, ya ce shi ba zai bar na'ura arba'in suna jiran mai tsintsiya ba. Na danna. Daga baya Madam Ramlatu, wadda yanzu take Maradi, ta gaya mini abin da aka tambaya: ko a goge har da zanen da aka ajiye cikin shirin. Ya san tambayar. Da na dama ya ce, da ba abin da ya ɓata.

3. Ranar Alhamis, 18 ga Yuli, a taron ma'aikata na Korgom, Musyu Rayyanu ya karanta rahotonsa, inda ya rubuta cewa mai aiki da na'urar ce ta amince da gogewa, kuma abin da ya tafi zanen yara ne. Da na ɗaga hannu, sai ya haska tambayar nan a bango, ya ce in taso in karanta wa jama'a tunda na ce na iya na'ura. Na tashi. Na haɗa baƙi ɗaya ɗaya, ban kai ƙarshen layin farko ba. Bai ce in zauna ba sai da kowa ya gama dariya. Mutum goma sha ɗaya ne a wurin, ina iya ba da sunayensu. Malam Sha'aibu yana duban tabur. A ranar aka karɓi makullin ɗakin na'ura daga hannuna, aka bar mini na ɗakin tsintsiya.

4. Ranar 22 ga Yuli aka kama wata taguwa cikin gonar gero, aka kai ta furiyar ta Gidan Amumune. Suka kira bironmu kamar yadda suka saba, a duba shaida. Aka ce musu babu komai. Ba wanda ya tambaye ni, ina waje ina share ƙofa. Kwanakin jira suka cika aka sayar da ita. Ta Baba Hashim ce, dattijon da ke zaune yamma da Korgom, kuma ita ce mai ba jikokinsa nono. Ya zo gidanmu, bai yi faɗa ba. Ya ce wa mahaifina shi bai taɓa nuna wa ma'aikaci shaidar gidansu ba sai ni, kuma ya ji an ce da hannuna na goge. Mahaifina ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce gaskiya ne, don hannuna ne. Tun ranar bai sake zama majalisar ƙofar masallaci ba.

Saboda haka ina roƙon mai girma Darakta abu uku. A dakatar da ɗauke lamba 17, wadda na ji za a kai Tasawa ranar Laraba, 7 ga Agusta, a wanke ta gaba ɗaya, domin Madam Ramlatu ta ce muddin ba a wanke ba ana iya tono wani abu. A gyara rahoton, a rubuta wanda ya ce a danna. Sannan a aiko mutum ya gaya wa Baba Hashim haka a gaban mahaifina. Damina ce, kullum ana kama dabbobi. Ban roƙi a kori kowa ba, ban kuma roƙi makulli ba.

Allah ya ja zamanin mai girma Darakta, ya ba shi ikon duba maganar ƙaramar ma'aikaciyarsa.

Taka mai biyayya,
A'i Na Allah

Ƙari, Litinin 5 ga Agusta: Yau da safe na je shara da takardar nan a hannuna, na tarar ɗakin na'ura a buɗe, tabur ba komai. Mai gadi ya ce tun Asabar aka zo da mota aka ɗauke lamba 17. 'Yar takardata mai ɗigo tana ƙasa, na share ta tare da sauran datti. Roƙona na farko ya faɗi, sauran biyun suna nan. Da na gama na sayi kaye da kiriyo, wato littafin rubutu da fensir, na tafi wurin Baba Hashim a ƙafa. Bai amsa gaisuwata ba, ya hana ni matsawa kusa da dabbobinsa. Na durƙusa na zana shaidar gidansa a ƙasa da yatsa, yadda na tuna ta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa sandarsa ya gyara layi ɗaya, ya juya ya tafi. Na kwafe ta a shafin farko. Saura 235.