Shirwa Ta Sure Ɗan Tsako

Baban Na'ima,

Na jira ka har azahar ba ka iso ba, na tafi Tudun Wada duba Inno.

Jiya da hantsi ina wanki, shirwa ta sauko ta sure ɗan tsakon farar kazar nan. Na yi ihu, na jefe ta da takalmi, amma ba kowa a gidan sai ni. Tun da Na'ima ta koma makaranta, kajin nan ne abokan hirata.

Sauran suna akurki. Don Allah kar ka buɗe musu sai ka ɗaura ragar da ke bayan ƙofa.

Tuwonka na cikin kula. In an sake kiranka lodi kafin in dawo, ka rubuta mini ko gaisuwa ce a bayan takardar nan.

Suwaibatu