Sun Ce Ƙarfe Ne Ya Kashe Ki

Gwange, Maiduguri
Laraba, da hantsi

Zuwa gare ki, Yagana,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma ni nake karanta miki wasiƙa, kina katse ni kina cewa in sauke muryar aji. Amma ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa na ɗauki biro.

Jikin ga shi nan. Ƙafar dama ta sake kumbura, takalmi ba ya shiga, masallacin Juma'a ma sai an samu mai kai ni. Hannu na rawa, rubutun da kike yabo ya lalace. Katangar baya da ruwa ya ci har yau ba a tayar ba. 'Ya'yanki maza suna bugo waya daga Kano, su tambayi ko na ci abinci, in ce na ci, a rabu.

Kin tuna Binta, matar Bukar tela? Ciwonki ne ya kama ta, sankarar mama. Da na ji, sai na fara yi wa Bukar ta'aziyya a zuciyata. To jiya ta wuce ta ƙofar gidan nan da kaya a kanta, za ta biki, har ta tsaya tana yi mini tsiya wai in ƙara aure. Na amsa mata da dariya. Da ta ba da baya sai na ji haushinta, Yagana. Allah Ya yafe mini, haushin lafiyarta na ji.

Bukar ya zauna ya yi mini bayani, na kuma ji wata likita a rediyo ta faɗi irinsa. Yanzu akwai na'urar da ke hango ƙullutun tun hannu bai kai ga jin sa ba. Ana sa siririyar allura a ɗebo ɗan kaɗan a duba, domin ashe ba ciwo ɗaya ba ne, iri-iri ne, kowanne da maganinsa. Akwai wanda ƙwaya ake sha kullum na wasu shekaru. Akwai magani da ke bin cutar ita kaɗai ya bar sauran jiki. Binta ko maman ba a cire mata ba, ƙullutun kawai aka fitar, aka yi mata gashi da na'ura a wani gari. Ba a banza suka samu ba, keken ɗinkin Bukar guda ya tafi. Amma tana nan, tana zuwa biki.

Ina duk wannan yake lokacinki? Ko yana nan, a wasu ƙasashe, mu ne bai iso mu ba? Ke da aka kai ki asibiti, wurin ya riga ya fashe, kina rufe shi da zane biyu don kada mu ji wari. Aka yanke gaba ɗaya, ba ki ga wata damina ba. Ni da na koyar da yara sassan jikin ɗan Adam har na yi ritaya, ban san abin da ke ƙarƙashin mayafin matata ba sai da ya gagara ɓoyo. Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ban taɓa tambayarki ba, don kina kwance. Yau na tambaya.

Kin san abin da aka riƙa faɗa a zaman makokinki? Wai ciwon daji ba ya son ƙarfe. Wai da ba a sa miki wuƙa ba, da kina nan. Mata suka faɗa a cikin gida, maza suka maimaita a kan tabarma. Likitan da ya yi aikin ya gaya mini tun kafin a shiga da ke cewa latti ne, ya riga ya kai huhu. Latti ne ya kashe ki, bayan ajali. Amma maganar ƙarfe ta fi daɗin faɗa, don ba ta ɗora wa kowa laifi sai asibiti.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ƙanwarki Kaltum ta zo ranar Asabar. Ta ce babbar 'yarmu, wadda ke aure a Dusuman, ta ji wani abu a mamanta na hagu tun kafin azumi. Bai yi ciwo ba, bai fashe ba. Kaltum ba ta zo don a kai ta asibiti ba. Ta zo ne in nemo malamin da ya yi miki rubutu. Ta ce yarinyar ta rantse ko allura ba za a sa mata ba, ta ga abin da ƙarfe ya yi wa uwarta. Mijin kuma ya ce duk abin da ta zaɓa shi ke nan. Na ce da Kaltum rubutu ba ya hana asibiti, a haɗa. Ta dube ni kamar ni na riƙe wuƙar.

Likitar rediyon ta ce wani lokaci abin yana bin jini, har akwai gwajin da ke nunawa. Ta kuma ce yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma ba a sani sai an duba. Ke nan ko dai ba kome, ko kuma irin na Binta ne, wanda aka kama da wuri. Duk satin da ya wuce yana matso da ita wajenki.

To wa zai gaya mata? Aikinki ne wannan, kika tafi kika bar mini. 'Yar fari ce. Tun da aka raɗa mata suna ban taɓa kiran sa ba. Ban ɗauke ta a gaban mutane ba. In ta shigo gaishe ni tana durƙushe, idonta a ƙasa, nawa a bango. Haka na ga mahaifina ya yi da yayata, haka na yi, kuma an yabe ni a kai. Ke ma kin yaba. Yanzu da wane baki zan ce mata, buɗe ƙirjinki likita ya gani? Kalmar ma a takardar nan da ƙyar na rubuta ta, alhali ke ce, kuma ba za ki gani ba.

Duk da haka na aika mata ta bakin Kaltum cewa ina son ganinta yau da safe. Na roƙi Binta ta zauna a gida, in yarinyar ta iso in kira ta, su shiga ɗakinki su rufe ƙofa, ta nuna mata tabon, ta ga cewa ƙarfe ya taɓa mace kuma ga ta a tsaye. Na sa an share ɗakin. Kwanukanki suna nan yadda kika jera su. Na yi ta maimaita abin da zan faɗa, kamar ɗalibi zai hau jarrabawa.

Bari in ajiye biro. Na ji tsayuwar keke mai ƙafa uku a waje.

Bayan la'asar.

Ba ita ba ce. Mai kawo wa maƙwabta gawayi ne. Na zauna a zaure har inuwar darbejiya ta juya ta koma gabas. Binta ta leƙo ta sake leƙowa, daga baya ta tafi kasuwa. Wayar yarinyar a kashe. Ta san dalilin kiran, Kaltum ba ta riƙe magana. Halinki ta ɗauko, in kun yi niyyar ɓoye abu ba a cin ku.

Gobe in Allah Ya kai mu Bukar zai samo mini keke, Binta ta ce za ta bi ni. Ban taɓa taka gidan surukin nan ba tun da aka kai ta, za a ce tsoho ya zubar da girma. Su ce. Girman da na riƙe a kanki me ya tsare? Zan je da silifa ɗaya in ƙafar ta ƙi, in tsaya a tsakar gidanta in kira sunanta yadda ba za ta iya yin kamar ba ta ji ba.

Bari in gwada a nan tukuna, in ga ko hannu zai yarda. Zainabu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Yagana. Kada ki yi marmarinta. Ki bar mini ita.

Ni ne mijinki,
Sani, wanda ya jira ta yau ba ta zo ba.