Keken Ɗinki Mai Aiki da Kuran

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba da su Mato. Yaya ƙafar Kaka? Ni lafiya lau nake a Yamai, sai dai shinkafar kullum ce cikina bai saba da ita ba.

Mun kusa gama koyon ɗinkin. Turawan da suka biya kuɗin karatunmu za su ba kowace yarinya keke ta tafi da shi gida. Amma keken na kuran ne, wato wutar lantarki, ba na ƙafa ba, ga shi ƙauyenmu babu wuta.

Ranar Talata wata Baturiya ta zo, ta tambaye mu ta bakin tafinta ko akwai matsala. Muka ce babu. Ke kika koya mini kada in kushe kyauta a gaban mai ita. Na so in ɗaga hannu, kunya ta hana ni. Ta rubuta amsarmu, ta tafi tana murna.

Don Allah Baba ya tambayi Kawu Sahabi ko zai ba ni gefe a shagonsa na Tanout, tunda can akwai wuta. Kafin nan, ki ce wa matan gidanmu kada su ajiye mini atamfofinsu na Sallah.

Allah ya haɗa fuskokinmu lafiya.

Ƴarki, Zuhaira