Ƙaramin Sandan Giya

Litinin, 11 ga Agusta, 2025

An sallamo Baba daga asibitin Kaduna, ido ɗaya a naɗe, aikin ya yi kyau. Kafin ya sha ruwa sai da ya tambayi jif ɗinsa. Na ce tana nan lafiya. Allah Ya yafe mini.

Bari in rubuta ko a nan ne. Ranar Laraba na ɗauke ta na kai taki gona, don ƙaramar motata ba za ta iya taɓon nan ba. Na kafe. Na ja ƙaramin sandan nan na gefen giya, mai sa tayoyi huɗu su ja tare, ta fita kamar wasa. Daɗi ya kwashe ni, ban mayar da shi ba. Haka na hau kwalta har gida, washegari har Kaduna dubiya, in je in dawo, ina jin kaina. Sitiyari ya yi ta tauri, na ce halin tsohuwar mota ne. A kwanar Ƙofar Gayan na ji ƙas! a ƙarƙashina. Da ƙyar na tura sandan ya koma, na ajiye ta, na goge har sawun takalmina.

Motar da ko yayyena maza ba su taɓa murza makullinta ba.

Talata, 12 ga Agusta

Baba ya sa Sabo maƙwabcinmu ya zaga da shi a jif ɗin. Ba su kai bakin kasuwa ba suka dawo. Wai tana gurnani, in an sha kwana kuma tana ƙwas-ƙwas. Ido a rufe, amma kunnen nan nasa ko sauro bai isa ya wuce ba.

Nan take Baba ya ce, "Henry ne." Baba Henry makaniki na Wusasa, shekara talatin da ɗaya shi kaɗai ke gyara motar, kuma shi ya juye mata mai kafin tafiya asibiti. Ina tsaye da tiren shayi. Na ajiye na fita.

Alhamis, 14 ga Agusta

Baba Henry ya zo a kan tsohon mashin ɗinsa, da ledar lemo ta dubiya. Baba ko lemon bai taɓa ba.

Ta tagar soro na yi ta leƙe. Baba Henry ya tuƙa motar a lungunmu, ya saki giya tana gangarawa, ya karkata kai yana saurare. Ya ɗaga ta a jak, ya girgiza kowace taya, ya kama farfela, ƙarfen da ke juya tayoyi, ya jijjiga, ba inda ya yi lako-lako. Sannan ya ɗauko dogon ƙarfen nan nasa, baki ɗaya a jikin mota, ɗaya a kunnensa, yana bi gaɓa-gaɓa kamar likita. Mutum mai shekara sittin da tara, kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa saboda ni.

A gaban mutanen zaure Baba ya ce, "In tsufa ya zo a faɗa, Henry. Ka manta ba ka zuba mai ba." Shi kuwa cewa kawai ya yi, "Alhaji, bari in gama dubawa."

Tuwo ya ƙi wucewa.

Asabar, 16 ga Agusta

Ai ba ni na ce a zarge shi ba. Kuma mota mai shekara talatin da ɗoriya, ko ba ni ba wata rana za ta yi ƙara.

Ƙarya nake, na sani.

Litinin, 18 ga Agusta

Baba Henry ya dawo, na kai masa ruwa, ya ce, "Radiya, 'yata, zo ki gani." Ya tsiyaye man ƙaramar giya a kwano. Mai cike yake, ba abin da ya manta. Ya dangwala yatsa ya ɗaga a rana, garin ƙarfe yana ƙyalli. Ya ce haƙoran ciki ne suka ci juna. Ya nuna mini gefen tayoyin gaba, sun goge. Wai sandan nan na taɓo da yashi ne, inda taya za ta ɗan zame. A kan kwalta gaba da baya sai su yi ta ja-in-ja har wani abu ya karye.

Sai ya buɗe ƙofar direba, ya ja kujera baya, ƙarat, ƙarat, ƙarat. Rami uku. Ni da na goge sawun takalmi, na manta ni gajeruwa ce.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Tun ranar Alhamis na gani, Sabo ma ya ce haka ya same ta, na bar ta a haka. Alhaji bai warke ba, kada hawan jininsa ya tashi. Zan ce masa ni ne."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Wallahi na ji haushinsa, sannan na ji kunyar jin haushin.

Laraba, 20 ga Agusta

Baba Henry ya faɗa ɗin, wai laifinsa ne. Baba ya ce a kwashe kayan aikinsa daga soro, Sabo ya nemo wani makaniki a Tudun Wada. Ban san yawan abin da Baba Henry ya tara a gidanmu ba sai da aka fito da shi. Har kofinsa na shayi, mai tsagaggen baki, wanda marigayiya Inna ta ware masa. Na ga Baba yana shafa kofin, amma bai miƙa shi ba.

Ni na ɗaure wa Baba Henry akwatin kayan a bayan mashin. Ya ce in gaida gida, alhali a ƙofar gidan muke.

Juma'a, 22 ga Agusta

Na faɗa. Jiya da hantsi, ina ɗiga masa maganin ido, don lokacin ne ba zai iya kallona ba. Ban tsara ba, bakina ne ya kufce. Can ya ce, "Har Kaduna?" Na ce har Kaduna. Ya ce, "Ɗauko motarki."

Na kai shi Wusasa. Ya ce in jira a mota. Na hango shi yana lalube da sanda zuwa cikin gareji, kofin nan a aljihun rigarsa.

Har yanzu gaisuwa kawai yake amsa mini, ita ma a taƙaice. Ya kamata abin ya dame ni. Amma mashin ɗin yana ƙofar gida tun safe, ina jiyo su suna musu a kan tayoyi, Baba yana cewa Henry bai san komai ba.

Na cinye tuwona, har na ƙara.