Furen Hadiza Ya Buɗe

Daren Talata, bayan Isha'i

Alhamdulillahi, furen Hadiza ya buɗe! Fari ne fat, tsakiyarsa rawaya, faɗinsa bai fi kwabo ba.

Tsiro uku jikata Hadiza ta haƙo daga tsagar dutse a Doguwa don aikin kwalejinsu, ta bar min amana. Ni da na saba da noman rani a bakin dam, sai na yi musu gatan albasa: ga taki, ga ruwa safe da yamma. Biyu suka ruɓe.

Da na faɗa mata, ta ce, "Haba tsoho, ɗan dutse ne fa, ba ya son gata! Sa shi a tukunya mai huda, da tsakuwa da yashi. Ruwa kuwa sai ƙasar ta bushe."

Na rubuta da hannuna, albarkar ajin yaƙi da jahilci na yamma, na kuma bi. Da ƙyar nake hana kaina ɗaukar buta.

Ɗazu na kira ta, ta yi ta ihun murna. Jumma'a za ta zo ta auna shi. Na kifa masa kwando, don akuyar gidan nan babu ruwanta da kwaleji.