Almakashin Inna da Tikitinka Mai Araha

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko! Ya mijina, wanda Allah ya yi wa zuciya mai faɗin kogi, sannan ya yi wa aljihu mai baki kamar kafar allura! Ina gaishe ka gaisuwar matar da ke ƙaunarka, wadda kuma da za ta gan ka a wannan sa'a, da sai an riƙe ta.

Daga filin jirgi nake rubuto maka, zaune a ƙasa kusa da soket ɗin da ka ce ana caji kyauta. Na kira ka har yatsana ya gaji. Na sani, kana wurin walda, ka kashe data don kada ta ƙare a banza. To, in ka kunna za ka tarar da wannan, kuma ina ba ka shawara ka karanta shi a zaune.

Maganar almakashin Inna ce. Sun ce ba zai shiga jirgi a jakar hannu ba. Ko dai in jefa shi a akwatin da suke tara wuƙaƙe da rezar mutane, ko in koma teburin kamfanin jirgi in biya kuɗin kaya a saka jakar a cikin jirgi. Kuɗin kayan da ka ce mu tsallake ranar da ka sayi tikitin nan mai araha, kana dariya ta waya kana cewa mun ci riba. Yau a nan sun ninka shi, har sai da na sa mai teburin ya maimaita, don na zaci kunnena ne ya samu matsala. Ga shi an ɗaga tashin jirgin, da ma jirgin masu araha ba ya gaggawa, sai na samu lokacin zama tsakanin akwati da tebur, almakashi a cinyata, ina tuna ka.

Me ban yi ba cikin abin da ka umarta, ya hasken safiyata? Ka ce in sa tufafin da suka fi nauyi a jikina don kada jaka ta wuce awo. Riguna uku ne a jikina yanzu, ga zane a kan siket, ga rigar sanyi a sama, a ranar da ko kaza ba ta son gashinta. Ni da ka ce ƙuguna kamar reshen da iska ke kaɗawa, yau wata baiwar Allah ta tashi ta ba ni kujera, tana cewa, "Zauna, 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya." Na ce amin, me zan ce? Ka ce in zo da gora babu ruwa, in cika a famfon ciki bayan an gama bincike. Famfon yana can ciki, ni ina nan waje, gorar tana kallona ina kallonta. Ka ce kada in taɓa shayinsu, kada in ɗauki keken kaya, kada in ko haɗa ido da mai sayar da burodi. Dafaffen ƙwan da ka ce in yi guzuri ya fashe a aljihun rigar tsakiya, kuma mutanen da ke kusa da ni sun fara matsawa ɗaya bayan ɗaya. Ka lissafa ruwa, ka lissafa ƙwai, ka lissafa har nauyin takalmina. Ta yaya ka manta cewa matarka tela ce?

Ka san almakashin nan. Ka san shi tun kafin ka san sunana. Ka tuna ranar da ka shigo shagonmu da wandon aikinka, a karo na ban san nawa ba, kana so a ƙara masa faci a kan faci? Inna ta ɗaga shi sama, haske yana ratsa shi ta ko'ina, ta ce, "Ɗana, wannan wando ya gama bautarsa, ka yafe masa." Ka ce ai da sauran rai a jikinsa. Ni ina bayan keken ɗinki ina cizon leɓe don kada dariya ta ƙwace mini. Da wannan almakashi ta yanka maka facin, ta ƙi karɓar ko sisi. Bayan kwanaki ka dawo ka sayi lemo kwalba ɗaya muka sha tare a bakin shago, kai kurɓi ni kurɓi. Wayyo ni! Duk tsammanina tsabar soyayya ce.

Kuma soyayyar ce, shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Da rowa ce zalla da na huta, da na zage ka son raina na tashi na biya. Amma na san inda kowane kwabo ya fito. Na san tun da ka tafi da ƙafa kake zuwa aiki, kana wuce tashar mota kamar ba ka gan ta ba. Na san abincin rana ka mayar da shi labari. Ƙanenka ya faɗa mini tartsatsin walda ya huda maka takalmi, ka cusa kwali a ciki ka ci gaba. Duk don in zo, don mu daina kwana a garuruwa biyu muna sauraron numfashin juna ta waya. To, yaya zan ɗauki gumin nan naka in miƙa wa mutumin da ke bayan tebur yana taunar cingam? Yaya kuma zan ɗauki almakashin da ya ciyar da mu tun rasuwar Baba, wanda Inna ta damƙa mini a gadon asibiti, in jefa shi cikin abin yankan farcen baƙi? Kai ka sa ni a nan, kai da lissafinka, ga shi ka kashe data!

Ma'aikaciyar binciken ma ta tausaya. Ta juya shi a hannunta, ta ga inda yatsun Inna suka cinye baƙin fentin mariƙin, ta ce, "Wannan ba na jefarwa ba ne, amma doka ce, ba ni na yi ta ba." Mace da ba ta taɓa ganina ba ta gane a kallo ɗaya. Lasifika ta fara kiran masu sauran kaya. Dakata, ina zuwa.

Na dawo. Na biya.

Kuɗin ko-ta-kwana da ka sa na ɗinke a kalmasar rigar ciki, waɗanda ka rantsar da ni kada in taɓa sai in rai ne ke cikin haɗari, su na ciro. Na shiga banɗaki na tuɓe riguna kamar mai ɓare albasa, na sa bakin almakashin Inna na farke ɗinkin. Bai yi gardama ba. Na yi kuka a wurin, ba zan ɓoye maka ba, don na san kuɗin takalminka ne na miƙa. Yanzu jakar ta bi bel ɗin da ke jan kaya ta shige, ni kuma na sha ruwan famfonka na kyauta har gora biyu.

Saura kai, ya tauraron da nake bi. In na fito ka hango ni cikin riguna uku ina warin ƙwai, kada ka tambaye ni nawa. Wallahi in ka buɗe baki ka ce nawa, a ranar zan bi wandunanka ɗaya bayan ɗaya in yanke aljihunansu, in ga inda za ka ƙara ɓoye hannu. Kada kuma ka zo da lissafin abin da muka yi asara. Ka zo da kanka kawai, da takalminka mai kwali. Ka nemo mini aron keke a unguwarku, ka faɗa wa maƙwabta tela ta iso da kayan aikinta. Ɗinkin farko da zan karɓa, ƙafarka zan fara rufewa, kuma ba mai araha zan saya ba, ko za ka suma a shagon.

Taka ce ni, a yalwa da a tsimi, a jirgi mai tsada da mai araha, har ranar da za a auna mini yadin da ba ni zan yanka ba.

Matarka, wadda har yanzu ba ta huce ba.