Roƙon Addu'ar Mama Rifkatu

Lahadi da dare, Gidan Dahala

Mama Rifkatu, shugabar zumuntar matanmu, ita kaɗai na gaya wa ina ganin likita saboda ciwon damuwa. A ɗakinta na faɗa mata, ina kuka. Yau a coci, lokacin roƙon addu'a, sai ta miƙe ta ce, "Mu sa 'yar'uwarmu Saratu a addu'a, Shaiɗan ya taɓa mata kai."

Kowa ya juyo yana kallona. Matar da ke kusa da ni ta janye ɗanta.

Da aka tashi ta riƙe hannuna, wai, "'Yata, zubar da ƙwayoyin nan, bangaskiya ta ishe ki." Ita da kullum sai ta sha maganin hawan jini! Na ce, "To, Mama," don ba a mayar wa babba magana. Wannan "to" ɗin ne yake cin raina.

Ya Yesu, da ka fanshe ni ai ba ka tona asirina ba.

Na ɗauko ƙwayar daren nan, na yi godiya a kanta kamar yadda nake yi a kan tuwo, na haɗiye.